Naman da Ba a Sa wa Komai Ba

Ibadan, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawu Barau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Kyauta da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Umma ta gaya min daga Gumel cewa har yanzu kana ɗingishi in ka daɗe a tsaye, kuma ka ƙi zuwa asibiti. Ni lafiyata ƙalau, sai gumin garin nan da har yau ban saba da shi ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, tunda rabonmu da juna tun bikin Sumayya, shekara huɗu ke nan. Na kira wayarka sau uku, kana ta "wa ke magana?" har katina ya ƙare. Umma ta ce in daina wahalar da kaina, kunnen taubashinta ba ya jin waya, in rubuta in ba Dalhatu direba da ke kawo shanun Maigatari nan kudu.

Kawu, na samu aiki. Wani ƙaramin kamfanin sarrafa abinci ne, ni ce a ɗakin gwaji, duk abin da zai shiga injin sai na duba shi. Gwada ni suke yi na wata shida, wa'adin zai cika ƙarshen Afrilu. In sun gamsu su riƙe ni, in ba su gamsu ba in tattara kayana in koma Gumel. Ka san shekara uku na yi ina yawo da takardu kafin in samu wannan.

Mai kamfanin mace ce, Dakta muke ce mata. Busasshen naman da muke haɗawa da shi daga ƙasar waje ake kawo shi, kullum a makare. Ran nan ana ta ƙorafi a wajen taro sai bakina ya suɓuce, na ce ai ina da kawu a Maigatari da ya shekara arba'in yana kilishi, in ya yanka tsoka ya ɗaga kana hango rana ta cikinta. Dakta ta cire tabarau ta ce in kawo ta gani. Yanzu sabon abincin da za a kai wa hukuma ta yi masa rajista a kan namanka aka tsara shi, ni kuma a kansa za a auna ni.

Abin da nake roƙo shi ne kwali ɗaya: tsoka marar kitse, da zuciya, da hanta, a yanka a shanya su bushe ƙarau. Kada ka wahalar da kanka da labun gyaɗa irin na kilishi ko kayan yaji, haka nan ma ya isa. Dakta ta ba Dalhatu abin sayen naman.

A gaishe min da Inna Kyauta.

'Yarka,
Naja'atu

*

Maigatari, Alhamis 13 ga Fabrairu

Naja'atu 'yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da wannan aiki, Allah ya sa albarka. Muna lafiya. Ƙafa tana nan inda take, ki gaya wa uwarki ta bar kai ƙarata, ita da ke hawa baranda da addu'a. Ki yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne, amma ana karantawa.

Wai kada in wahalar da kaina! Da na zo wurin sai da na yi dariya har Kyauta ta leƙo. Wannan kunya ta gidanku ce, na san ta. Haka uwarki take tun muna yara, ta zo gidanmu ta ce wallahi a ƙoshe take, kafin a juya ta share akushi. Ke kin tsaya gaban manyan mutane a ƙasar Yarbawa kin ambaci sunana, sannan in aika musu nama tsirara kamar na wanda bai gaji sana'ar ba? Su ɗanɗana su ce wannan ne kawun da ake faɗa? Haba, Naja'atu.

Bijimin da na yanka ɗan Damagaram ne, da kaina na zaɓe shi a kara, na shafa shi gaba da baya. Ban bar kowa ya sa wuƙa ba. Labu kam ban tsoma ba, tunda kin ambace shi da sunansa, kada ki ce ban ji maganarki ba. Amma na yi abin da ya fi shi wuya. Na sa an daka albasa da tafarnuwa da citta, na tace ruwan sau uku a ƙyalle, na zuba gishiri, na shafe kowane yanki ciki da baya kafin ya hau gadon kara. Ya shige cikin naman sarai. Ido ba zai ga komai ba, sai an sa a baki. Mahaifina ne kawai na taɓa gani yana wannan, shi ma sai in baƙon kunya ne.

Hantar ta ba ni mamaki, ban saba jin an nemi busasshiyar hanta ba, amma kowane gari da cimarsa. Ita na fi ba tafarnuwa saboda ƙarni.

Akwai ƙunshin kilishi na gaske a saman kwalin, wannan naki ne, tsaraba ce, kado in ji mutanen tsallaken iyaka. Kada ki raba wa kowa, na ji an ce kin rame.

Ki rubuto min abin da Daktar ta ce, kalma da kalma, kada ki rage.

Kawunki,
Barau

*

Ibadan, 18 ga Fabrairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya, amma kwana biyu ban iya cin abinci ba. Wannan ita ce takarda ta huɗu da na fara, uku na yayyaga.

Ka ce in faɗa maka kalma da kalma. Da aka buɗe kwalin, ƙamshin ya cika ɗakin gwaji, sai na ji kamar ina tsakar gidanka. Ma'aikata suka taru. Wani ya karya ɗan yanki ya sa a baki, ya rufe ido, shi ke nan aka yi wa kwalin ca. Ba wanda bai yaba ba. Dakta ma ta ɗaga yanki ɗaya ta duba a haske, ta ce ba ta taɓa ganin wuƙa irin wannan ba. Sannan ta shinshina, ta dube ni, ta ce in fassara mata takardarka. Na fassara.

Kawu, ka yafe ni. Abincin da muke yi ba na mutane ba ne. Na karnuka ne da kyanwoyi. Dakta likitar dabbobi ce. A nan akwai masu karnukan gadi, akwai masu kyanwa a saman bene inda ko ɓera babu, duk a buhu suke saya musu abinci. Na ɓoye maka ne saboda na kasa ɗaga alƙalami in rubuta wa Barau na Maigatari cewa kare zai ci aikin hannunsa. Na ce bari in faɗa a lulluɓe, tunda naman ne kawai ake so. Ga inda lulluɓin ya kai ni.

Albasa da tafarnuwa da muke ci lafiya, su cuta ne a jikinsu. Suna farfasa musu jini, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja, kyanwa ta kwanta ta kasa tashi. Gishiri mai yawa ma ba sa ɗauka. Zuciyar da na roƙa don kyanwa ce, akwai wani sinadari a cikinta da in kyanwa ta rasa shi idonta yake mutuwa. Ita kuma hukuma ba ta ba da lambar rajista sai abin da aka rubuta a jikin buhu ya zama shi ne a ciki, ba ƙari ba ragi, kuma sai sun je sun ga inda ake shanya naman da idonsu.

Dakta ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma ya fi min sauƙi. Cewa ta yi abin da ya ba ta tsoro shi ne iyawarka, nama ya sha albasa haka amma ido bai gani ba. Da an niƙa shi ba na nan, da yanzu muna ba mutane haƙuri a kan dabbobinsu. Ta ce mai gwajin da ta kasa faɗa wa mai kawo kaya abin da ake buƙata ƙarara, ita ba ta san amfaninta ba. Gaskiya ta faɗa.

Ta ba ni zuwa ƙarshen Afrilu. In nama mai tsabta ya zo, wanda ba a sa wa komai ba, komai da komai, za a kai wa hukuma. In bai zo ba, na san sauran. Ba ni da bakin sake roƙonka, amma ba ni da wani sai kai.

Naja'atu

*

Maigatari, 27 ga Fabrairu

Naja'atu,

Muna lafiya. Na karanta. Ashe haka ne.

Kada ki sake rubuto min a kan maganar nan. Na rufe rumfa.

Barau

*

Ibadan, 24 ga Maris

Inna Kyauta,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, yaya ibada? Ina fatan azumin bai ba ki wuya ba da ciwon cikin nan naki. Ni ina nan da sauƙi.

Kawu ya hana ni rubuto masa, shi ya sa na biyo ta wurinki. Layi uku ya aiko min, na karanta su ya fi sau hamsin. Inna, da gaske ya rufe rumfa? Dalhatu ya ce tun kafin azumi ba a ga hayaƙi a wurin ba, kuma maganar ta zaga kasuwa, har ana nuna shi. Na tambaye shi wa ya fitar da ita, sai ya hau sosa ƙeya. Ni ce na gaya masa a tasha ina kuka, laifina ne nan ma.

Mutumin da ko ranar da aka yi masa rasuwa sai da ya leƙa rumfa, yau kunyar da na jawo masa ta sa ya rufe ta, kuma gab da Sallah. Umma ta ce na ci mutuncin dattijo, ta daina ɗaukar wayata sai ta ga dama.

Ban gaya wa Dakta komai ba tukuna. Kullum ta wuce ta ce, "Yaya kawu?" in ce yana kan aiki. Saura mako biyar. Na fara haɗa littattafaina a kwali, don kada ranar ta zo min da yawa.

Ba nama nake roƙo ba yanzu. Ki taya ni ba shi haƙuri ya buɗe rumfarsa. In ya ga dama kada ya sake yi min magana, zan ɗauka.

'Yarki,
Naja'atu

*

Maigatari, 3 ga Afrilu

Naja'atu,

Wa alaikumus salam, barka da Sallah. Mun yi ta lafiya, cikin ma ya lafa. Takardarki ta same ni ranar jajibere, ban samu zama ba sai yau. Ki fitar da littattafan nan daga kwali, ki zauna ki ji.

Fushi kam ya yi. Kwana uku ko tuwo sai ya taɓa ya ture. A na huɗu ya hau babur ya ce zai je Sule Tankarkar. Akwai wata Bafulatana a wata ruga can, Adda Mairo, shekara talatin yana sayen shanun gidansu. Karnuka uku gare ta. Ya tambaye ta me take ba su, ta ce dusa da tsala da ƙashi, amma sauran miya ba ta taɓa zuba musu ba, uwarta ce ta hana ta tun tana yarinya, ba ta kuma tambayi dalili ba. Ya ce mata wai ana so ya yi wa kare nama. Ta dube shi ta ce, "To sai me, Barau? Sanuwar da ka saya bara, ba don wancan jan karen ba, da ɓarayi ne suka ci ta." Daga nan ya wuce Gumel wurin malaminsa, malam ya ce bai ga laifi a ciyar da dabba ba. Ya dawo gida ya ce in ba shi tuwo.

Washegari ya sa aka wanke rumfa tas, ya yanka tsoka kaɗan ya shanya ba komai. Da ta bushe ya shinshina ya jefar a faifai. Ni na shinshina ban ji komai ba. Ya ce tafarnuwa na cikin karan gadon, tana cikin katakon yanka, har rufin ma ya sha ta, shekara arba'in ba wasa ba. Ranar ya sa kwaɗo ya rubuta miki layi ukun nan. Da na san abin da ya rubuta ke nan, da na ƙwace takardar. Kin san kawunki, in ya faɗi rabin magana gani yake kowa ya ji sauran.

Yanzu haka yana Gagarawa, a gonar yayana Nasrullahi, nesa da gidaje. Ya kafa sababbin gadaje, ya kewaye su da raga saboda ƙuda, ya sayi wuƙaƙe da katako sababbi fil. Duk a cikin azumi, a zafin ranar nan da kika sani, da ƙafar nan. Shanyar farko ya ƙi ta, wai hantar ta bushe a waje cikinta da sauran danshi. Ta biyu ma haka. Mu dai mun ci nama lami a gidan nan har ya ishe mu. In aka sha ruwa, kafin ya taɓa ƙosai sai ya tauna yanki ɗaya, ba gishiri ba komai, yana ɓata fuska, wai abin da bai ɗanɗana ba ba zai fita da sunansa ba.

Masu sayen kilishin Sallah sun zo daga Gumel, sun zo daga tsallake, suka tarar da kwaɗo. A kasuwa kuwa har suna suka sa masa, Sarkin Fawan Karnuka. Ran nan wani ya yi masa haushi a bayansa a tasha. Na ji zafin wannan ƙwarai. Shi ko waiwaye bai yi ba.

Na ce, "Malam, ba kai ka ce ka yi fushi da yarinyar nan ba?"

Ya ce, "Na yi mana, har yanzu ma ina yi. Shi ya sa za a kore ta daga aiki?"

Shekara talatin da shida ina zaune da mutumin nan, ya sha ba ni haushi, amma ban taɓa jin girmansa kamar wannan watan ba. Kada ki nuna na gaya miki.

Innarki,
Kyauta

*

Gagarawa, 17 ga Afrilu

Naja'atu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Ƙafar ta kumbura kwana biyu, ta sabe.

Ga kwali uku wurin Dalhatu. Na ja masa kunne kada ya ajiye su kusa da buhun albasa, in kuwa ya yi ni da shi ne. Na rubuta a jikin kowanne: tsoka, zuciya, hanta, da ranar yanka da ranar saukewa daga gado. Kin ce komai da komai. To ba a sa masa komai ba, rana ce kawai da iska. Hantar sai da na koma yanka ta kamar takarda kafin ta ba ni yadda nake so. Ki karya ki ji, in ba ta yi ƙas ba ki dawo min da ita. Karnukan Adda Mairo sun ci mako biyu, na je da kaina na ɗaga leɓensu na duba dasashin kamar yadda kika kwatanta, ja ne sosai. Jan karen nata ya kusa cire min yatsa.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ke raina, don ban iya ajiye magana ba. Ba karen ne ya ɓata min rai ba. Na ji wani iri da farko, ba zan yi ƙarya ba, amma wannan ya wuce a kwana uku. Abin da bai wuce ba shi ne kin dube ni kin ga mutumin da ba za a faɗa wa gaskiya ba, sai a lallaɓa shi kamar mai taɓin hankali. Ni da na ɗauke ki a kafaɗa kina kukan alewa a kasuwar Maigatari. Wannan ya yi min ciwo, Naja'atu.

Ni ma da nawa. An ce kada a sa, na sa, don a yabe ni. Shekara arba'in ina sayar da nama ban taɓa tambayar wa zai ci ba, saboda duk wanda ya ci zai iya dawowa ya zage ni in bai yi ba. Waɗannan kuwa ba za su dawo su ce komai ba, sai dai su kwanta. Da na gane haka ban sake samun sukuni ba sai da na ga hantar nan ta bushe.

Ki gaya wa mutanen hukumar su zo duk ranar da suka ga dama, kada ma su sanar. Daga Gagarawa su tambayi gonar Nasrullahi.

Kawunki,
Barau

*

Ibadan, 12 ga Mayu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma duba ƙafa. Ni lafiya lau, har na fara cin abinci kamar mutum. Umma ma ta kira ni da kanta.

Abin da ka faɗa a kaina gaskiya ne, ba ni da ta cewa sai ka yafe ni. Ba zan sake ba, shi ya sa wannan takardar zan faɗi komai ƙarara.

Naman ya wuce. Sau uku na auna danshinsa saboda ban yarda da idona ba, kashi bakwai cikin ɗari, kwali ukun duka, kamar inji ne ya yi. Na waje da muke saya bai taɓa zuwa daidai haka ba. Ba ƙwayar cuta, ba yashi, ba gishiri. Dakta ta karya hantar kusa da kunnenta, ta karya wata, ta ce, "Wannan mutumin a wace makaranta ya yi karatu?" Na ce a rumfar babansa. Matar da hukuma ta tura Gagarawa ta rubuto cewa ta tarar da kai kana juya nama da tsinke, ka sa ta wanke hannu kafin ta ɗaga raga. Na karanta wurin ina dariya ina hawaye, ma'aikata suna kallona. Wallahi Kawu ban taɓa alfahari da wani mutum haka ba.

Ga sauran maganar. An ba ni takardar tabbatar da aiki, tana cikin jakata, ban sa hannu ba. Rajistar da aka bayar an ɗaure ta da wurin da aka duba, wato gonar Gagarawa, kuma Dakta tana son kaya duk wata. Ta faɗa min a fili, aikina da wannan abincin tare suke tafiya. Na zauna na yi tunani. In kana Gagarawa duk wata, wa ke Maigatari? Ga Babbar Sallah ta matso, ka riga ka rasa ƙarama saboda ni.

Don Allah ka saurare ni a matsayin mai gwaji. Ba sai ka bar kilishi ba. Ɗan ƙamshin da ya rage a hannu ba ya cutar da kyanwa, sabulu da safar hannu da sauya riga sun isa. Ka sa wani a Gagarawa ka riƙa leƙawa. In kuma hakan ba zai yiwu ba, ka koma rumfarka, ni zan mayar wa Dakta takardarta. Na taɓa zama ba aiki, ban mutu ba. Ba zan iya zama a kujerar da aka saya da rumfar mahaifinka ba.

'Yarka,
Naja'atu

*

Gagarawa, 22 ga Mayu

Naja'atu 'yata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Kyauta ta taso ta dawo nan wurin yayanta, tana gaishe ki. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, na sa ana yi wa gadajen rufi, za mu yi maganar shanyar damina in ta zo. Na yafe miki, an wuce wurin.

Na ji batun sabulu da safar hannu, ke ce mai ilimin, ban musa ba. Amma ba hannu ne damuwar ba. Jiki ɗaya gare ni, ƙafa ɗaya da rabi. Hanta tana son a juya ta kafin rana ta take, kilishi yana son a tsaya a kansa a bakin wuta a daidai wannan lokacin, ga tafiya tsakani. Wai in sa wani in riƙa leƙawa. Wanda zan sa, ran da ya ga naman ya yi masa fari zai ce bari ya ɗan barbaɗa gishiri don kirki. Na san haka, don ni ma na yi.

Na riga na gama. Ranar Litinin na kira Ubale, ɗan ƙanena marigayi, magidanci ne da 'ya'ya biyar, ya shekara ashirin yana yanka a ƙarƙashina. Na ba shi makullin rumfa. Na zaunar da shi na faɗa masa awon labu, abin da ake fara zubawa da abin da ake ƙarewa da shi, wanda ko Kyauta ban taɓa faɗa wa ba. Ya yi ta kuka kamar an ce masa na mutu. Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Zai iya, hannunsa ya ɗan yi nauyi a barkono, amma zai gyaru.

Yau da safe na je kara a Maigatari na sayi bijimai biyu na kayan watan gobe. Da zan dawo na bi ta layinmu. Hayaƙi na tashi, mutane sun yi layi, ƙamshin ya taro ni tun daga kwana. Ban shiga ba, saboda in na shiga sai na karɓi wuƙar. Na tsaya a tsallaken hanya, wurin mai gyaran taya, na yi kamar ina duba babur. Ba zan ɓoye miki ba, idona ya kawo ruwa. A rumfar nan aka yaye ni.

Amma ban yi don ki mayar da takarda ba. Ni na ci sana'ata shekara arba'in, an san ni daga Gumel har Damagaram, ke ko shekara ɗaya ba ki yi a taki ba. Kuma ki daina cewa saya aka yi. Ba wanda ya sayi komai, ni na bayar.

Ki ciro takardar nan daga jaka ki sa hannu, Naja'atu. Dalhatu zai juyo ranar Talata, na ce kada ya taso sai ya gani da idonsa.

Kawunki,
Barau